Labarin Malam Muhammadu Bakatsine, Masanin Lissafi

Duk ɗalibin da aka taɓa turawa koyon koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta cikin garin Gombe, ko a Jekadafari, ko Bolari, ko Pantami, ya san ranar da a ke shiga darasin lambobin nan masu ɗauke da 'yan ƙananan lambobi a kafaɗa, irin su 2⁵ da 10⁸. Da malam ya juya ga allo sai aji ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai don kada a kira sunansa. Yara da yawa sun riga sun sa a ransu cewa lissafi kayan Turawa ne, ba shi da dangi a ƙasarmu. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba da labarin wani malami na ƙasar Katsina, wanda ya rasu a birnin Alƙahira cikin shekarar 1741, bayan manyan malaman Masar sun zauna gabansa sun ɗauki karatun lambobi. A cikin aikinsa akwai wata dabara da za ta sauƙaƙa wa malamin makaranta wannan darasi ƙwarai.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu. A littattafan Larabci a kan bi sunan da Al-Fullani, Al-Kashnawi, Ad-Danrankawi, As-Sudani, watau Bafillace, Bakatsine, mutumin Ɗan Ranko, daga ƙasar baƙar fata. Ya yi zamani a farkon ƙarni na 18, lokacin sarakunan Haɓe. Ya rasu da shekara 13 kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, balle a yi maganar Buba Yero da kafa ƙasar Gombe a 1804. Katsina kuwa a lokacin nan ta cika ta batse da fatake da malamai. Ɗan Marina da Ɗan Masani sun riga sun yi zamaninsu a ƙarnin da ya gabata, sun bar almajirai, ga kuma hasumiyar Gobarau tsaye. Ayarin Azbin da na Gonja suna shiga suna fita, littattafai kuma suna zuwa a bayan raƙuma tare da sauran haja.

An ambaci malamansa huɗu. Akwai Malam Muhammadu Alwali na Bagarmi, wanda ya shahara da littafinsa na tauhidi da kuma tsananin ƙin taba. Akwai Malam Hashimu. Akwai Malam Muhammadu Fodu, wanda Malam Muhammadu ya lizimta wajen shekara huɗu, a gida da kan hanya, ya karanci nahawu da sarfu da adabi a wurinsa. Tun yana saurayi ya haddace Muƙama, littafin nan mai wuyar lugga da almajiran ilmi su ke fama da shi har wa yau, ya kai ga in aka faɗi wata kalma daga ciki nan take ya kan kawo wadda ta gabace ta. Mai karatu ya gwada da kowace irin hadda tasa ya gani: kawo abin da ke gaba abu ne mai sauƙi, komawa da baya shi ne aiki. Don haka malaminsa ya riƙa kiransa Mai Muƙama, sa'ad da kuma ya ƙware a nahawu ya sake masa laƙabi da Sibawaihi, sunan babban malamin nahawun nan na Basra.

Na huɗunsu, Malam Muhammadu Bindu, shi ne wanda ya fi shafar labarinmu. A wurinsa ya koyi hisabi, da sanin lokatai, da ilmin haruffa, da ilmin aufaƙi, bisa tafarkin malaman Magrib. Sanin lokatai ba ƙaramin lissafi ba ne a zamanin da babu agogo: da inuwa da taurari a ke fitar da lokacin salla, a gane alƙibla, a san shigar damina. Aufaƙi kuwa shi ne abin da mu ke kira hatimi.

Da ya ga ya sami rabonsa a gida, sai ya nemi izinin malaminsa ya kama hanyar Makka. Hajji a wancan zamani tafiyar shekaru ce, a ƙasa ko bisa raƙumi, mutum ya kan yi sallama da iyalinsa sallamar wanda ba lalle ya komo ba. Ya ratsa ƙasashe da dama, ya sadu da sarakunansu da malamansu, a wani gari ma ya zauna wata biyar cur yana ɗaukar karatu. Ya yi aikin hajji a shekarar 1142 ta Hijira, daidai da 1730, ya zauna a Makka, can ya soma rubuta babban littafinsa mai suna Durrul Manzum, a kan taurari da ɗalasimai. Daga nan ya wuce Masar, inda ya gama shi cikin watan Rajab na 1146. A tsakanin nan, cikin 1732, ya rubuta Bahjatul Afaƙ, littafin da ya sa masana lissafi na duniya su ke ambatonsa. Yana kuma da waƙen manɗiƙi mai suna Manhul Ƙuddus, wanda ya yi wa sharhi da kansa, da wani littafin nahawu.

To, mene ne hatimi a wurin mai lissafi? Gida-gida ne a ke zanawa, tsawo da faɗi daidai, a zuba lambobi daga 1 zuwa sama, kowace sau ɗaya, har ya zama in ka tara kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya za ka samu. Ga mafi ƙanƙanta, mai gida uku-uku:

8 1 6
3 5 7
4 9 2

Ko ta ina ka bi, 15 ne. Tun daga nan ma yaro ya fara cin karo da darasinmu, gama yawan gidajen shi ne 3 sau 3, abin da mu ke rubutawa 3². Mai biyar-biyar gidansa 5², watau 25. Mai bakwai-bakwai 7², watau 49. Jimlar layi kuma tana da ƙa'ida: ka ƙara 1 a kan yawan gidaje, ka riɓa da tsawon layi, ka raba biyu. A mai uku, 9 da 1 goma, sau 3 talatin, rabinsa 15. A mai biyar za ka sami 65, a mai bakwai 175.

Abin da Malam Muhammadu ya bayyana a littafinsa shi ne hanyoyin gina hatimin da tsawon layinsa mara ne, watau 3, 5, 7, 9, har abin da ya yi sama, ba tare da lalube ba. Hanyoyin suna da yawa, masanan Larabawa ma su kan kwatanta waɗansu da tafiyar doki a darar shaɗaranji. Ga wata sananniya wadda ta fi sauƙi ga yara. Ka sa 1 a tsakiyar layin sama. Kowace lamba ta gaba ka hau da ita gida ɗaya, ka matsa dama gida ɗaya. In ka fita ta sama, ka faɗo ƙasan wannan layi. In ka fita ta dama, ka shigo ta hagun. In ka tarar da gidan a cike, ko kuwa kana kusurwar sama ta dama, sai ka sauka gida ɗaya ƙarƙashin inda ka ke. Shi ke nan. Da wannan, yaron aji ɗaya zai gina wannan kafin a kaɗa ƙararrawa:

17 24 1 8 15
23 5 7 14 16
4 6 13 20 22
10 12 19 21 3
11 18 25 2 9

Wani zai ce, ai wannan wasa ne, kowa ya zauna ya yi ta gwadawa zai dace. Bari mu lissafta mu gani. Lambobi tara a gida tara, hanyar jera su 362,880 ce, takwas kaɗai ne a ciki su ke zama hatimi, su ma ɗaya ne a ke jujjuyawa. In yaro yana rubuta jeri ɗaya kowane daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, zai ƙare su cikin kwana huɗu da 'yan sa'o'i. Wannan da dama. A mai huɗu-huɗu jerin ya kai 20,922,789,888,000, aikin shekara fiye da 660,000 ke nan. A mai biyar-biyar kuwa adadin yana da lamba 26 a jere, allon aji ba zai ɗauke shi da daɗi ba, bakin malam kuma ba shi da sunan da zai kira shi. Abin da lalube ba zai gama ba har duniya ta naɗe, ƙa'ida ta gama shi cikin minti biyar. Wannan shi ne amfanin irin aikin da Malam Muhammadu ya zauna ya yi.

A nan ne gajeren rubutun masana kimiyya ya ke shigowa, ya kuwa shigo a kan bukata, yaro ya ga dalilinsa da idonsa. Maimakon a jera lambobi 26, sai a ɗauki na farko, a sa ɗigo, a bi da biyu ko uku, sa'an nan a faɗi sau nawa za a riɓa da goma: 1.55 × 10²⁵. 'Yar lambar kafaɗa, 25, ita ke gaya maka gida nawa ɗigon zai matsa dama. Na mai huɗu-huɗu ya zama 2.09 × 10¹³. Ko tantance yawan hatiman kansu sai da wannan rubutu. Wani Bafaranshe mai suna Frenicle ya ƙidaya masu huɗu-huɗu ya sami 880, aka buga aikinsa a 1693. Masu biyar-biyar sai a 1973 aka ƙidaya su da kwamfuta a Amurka, aka sami 275,305,224, watau kimanin 2.75 × 10⁸. Masu shida-shida kuwa sun kai wajen 1.8 × 10¹⁹. Ku dubi yadda 'yar lambar kafaɗa ta yi tsalle daga 8 zuwa 19 don an ƙara layi ɗaya tak.

Abin sha'awa, wannan adadi na ƙarshe ya yi kusa da na tsohon labarin nan da Ibn Khallikan ya kawo a ƙarni na 13, na mutumin da ya roƙi sarki ƙwayar hatsi ɗaya a gidan farko na darar shaɗaranji, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida 64. Jimlar ita ce 2⁶⁴ a ɗebe ɗaya, watau 18,446,744,073,709,551,615, shi ma kimanin 1.8 × 10¹⁹. Malamin da ke koyarwa a Gombe ya tambayi yaransa ko buhunan Tudun Hatsi duka za su biya wannan bashi. Za su ce za su biya. Sai ya bar su su auna ƙwayar da ke cikin mudu ɗaya, su yi rabawar da kansu.

Yanzu ga dabarar da muka yi alkawari. Wurin da yara suka fi tuntuɓe shi ne ƙa'idar da ta ce in za ka riɓa 2⁸ da 2⁶, tara lambobin kafaɗa za ka yi, ka sami 2¹⁴. Su kan haddace, gobe su manta, jibi su riɓa 8 da 6 su rubuta 48. To, ka ɗauki hatimin nan mai uku-uku, ka mai da kowace lamba ta koma kafaɗar 2. Inda 8 ta ke ka sa 2⁸, watau 256. Inda 1 ta ke ka sa 2. Inda 6 ta ke ka sa 64, haka har ƙarshe:

256 2 64
8 32 128
16 512 4

Ka raba aji uku, ka ce kowane kashi ya riɓanya lambobin layi ɗaya. Na farko za su sami 32,768. Na biyu 32,768. Na uku ma haka. Su gwada a tsaye, su gwada ta kusurwa, ba za ta sake ba. Kada ka yi hanzarin gaya musu dalili, ka bar su su ɗan sha mamaki. Can wani zai lura cewa 32,768 shi ne 2¹⁵, kuma 15 ɗin nan ita ce jimlar hatimin farko. Yaron da ya gano wannan da kansa ya fahimci cewa tarawa a kafaɗa ita ce riɓanyawa a ƙasa, ba kuwa zai sake rubuta 48 ba. In aka sa 10 a madadin 2 abin ya fi fitowa fili, gama sifiri kawai a ke ƙirgawa: takwas da ɗaya da shida, sifiri 15. Malam Muhammadu da tarawa ya yi nasa aiki, wannan juyi namu ne na 'yan makaranta, amma bisa hatimin da ya sani a ke yinsa. A Jamus ma, Michael Stifel, wanda ya raɗa wa lambar kafaɗa sunan da Turawa ke kiranta da shi a littafinsa na 1544, shi ma mai gina hatimi ne.

Saura lissafin kuɗin ruwa, wanda ke biye da wannan a manhaja. Hukuncin riba a Musulunci sananne ne, ba shi mu ke tattaunawa ba. Amma yaron da bai san yadda bashi ke kumbura ba shi ne a ke cuta in ya girma. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa, watau daidai ƙuruciyar malaminmu. A ce shekarar da ya rasu wani ya ranci wuri ɗaya, da ruwan kashi 10 cikin 100 a shekara, aka bar bashin shekara 280. In ruwan a kan uwar kuɗi kaɗai ya ke hawa, tarawa ce: wuri 28 na ruwa da ɗaya na asali, 29. In kuwa ruwa na hawa kan ruwa, riɓanyawa ce, 1.1 sau kanta har 280, watau 1.1²⁸⁰, abin da ya kai wajen 3.9 × 10¹¹, wuri miliyan dubu 390. Da irin wannan ruwa bashin naira 100,000 ya kan zama 110,000, sa'an nan 121,000, sa'an nan 133,100, ya kusa ninkawa a shekara ta bakwai. Tsadar kaya a kasuwa da yawan jama'ar gari su ma wannan hanya su ke bi.

Sai mu komo ga malamin. Ba daidai ba ne mu ɓoye cewa shi bai ɗauki hatimi a kan lissafi tsantsa ba. A wurinsa, da wurin malamansa, haruffa da lambobi suna da asirai, kowane harafi da adadinsa bisa lissafin abajada, a kan kuma haɗa su da taurari da sa'o'i don neman biyan bukata. Babban littafinsa ma ya ginu ne a kan wani tsohon littafi na Fahruddin Ar-Razi a kan wannan fanni. Malamai da yawa, na dā da na yanzu, sun soki wannan sashe suka mai tsanani. Mu dai abin da mu ke iya aunawa shi ne lambobin, su kuwa ko wa ya tara layin zai sami 65, ko ya yarda da asiri ko bai yarda ba. Ba shi kaɗai ke da wannan hali ba a zamanin dā: Kepler, wanda ya gano yadda duniyoyi ke kewaya rana, ya ci abinci da duban taurari, Newton kuma ya ɓata shekaru yana bin ilmin juya ƙarfe ya zama zinariya. A cikin Bahjatul Afaƙ, Malam Muhammadu ya hori almajiri da ya riƙe aikin a asirce, ya kuma hore shi da kada ya fid da rai in abu ya ƙi fita, ya kwatanta naciyar da a ke bukata da ta mai neman aure. Horo na farko ya saɓa wa aikinmu na malaman makaranta, mu da a ke biya don mu bayyana. Na biyun kuwa ko yau a rubuta shi a bangon aji ya yi daidai.

A Alƙahira ya fara zama a wata unguwa kusa da masallacin Azhar, wadda a ke kira Darbul Atrak. A nan ya shaƙu da Shaihu Hasan Al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan malaman Masar na wannan ƙarni, masanin fiƙihu da falaki da lissafi, wanda kakanninsa suka fito daga wajen ƙasar Habasha. Wannan babban malami bai ji nauyin zama gaban baƙo daga Katsina ba, a wurinsa ya ɗauki ilmin aufaƙi da hanyoyin sarrafa haruffa da lambobi. A gidan Shaihu Hasan ajali ya riske shi, cikin 1154 ta Hijira, bayan ya sa shi wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shekara 11 ke nan da yin hajjinsa, bai sake ganin Katsina ba.

Fiye da shekara goma bayan haka aka haifa wa Shaihu Hasan ɗa, aka sa masa Abdurrahman. Shi ne ya girma ya zama babban marubucin tarihin Masar, wanda ya ga shigar Faransawa ƙasar a 1798 da idonsa ya rubuta. Bai taɓa ganin Malam Muhammadu ba, amma ya tashi a gidan da littattafansa su ke, ya kuwa ba shi wuri a cikin Aja'ibul Asar, tare da sunayen malamansa da laƙabinsa na ƙuruciya. Yawancin abin da muka faɗa na rayuwarsa daga nan ya fito. Akwai kofen Bahjatul Afaƙ na rubutun hannu a wani ɗakin karatu na Jami'ar Landan, a 1973 kuma wata malamar lissafi ta Amurka, Claudia Zaslavsky, ta kawo labarinsa da hotunan hatimansa a littafinta na lissafin mutanen Afirka, daga nan sunansa ya shiga makarantun ƙasashe da yawa.

Shaihu Hasan ya binne shi a maƙabartar Mujawirin, a sashen da a ke kira Lambun Malamai, ya gina alama a kan kabarin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Allah ya ji ƙansa.